Dutsen da Ba Kowa a Ƙarƙashinsa

Da sunan Allah nake ɗorawa. Wannan babi na dutsen nan ne da ke ƙarƙashin gadona, wanda jikokina ke buga ƙafa da shi in sun shiga neman ƙwallo, wanda kuma ke Nana ba ki taɓa yarda kin kalle shi ba tun ranar da aka sauke shi daga motar kago, mai ɗauko kayan ƙasar waje. Na san abin da aka gaya muku a kansa a gidan baffanku a Tasawa, na kuma san da shi kuka girma a ciki. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku nawa labarin ba, don lokacin da nake da bakin faɗa ku ba ku kai ji ba, da kuka kai kuma ni na gaji da maganar. Yanzu ido ya soma yi mini gardama, gwiwa ta riga shi, gara in ajiye abin a rubuce kowa ya karanta ranar da ransa ya so. Ba afuwa nake nema ba, ba kuma ƙarar kowa na kawo ba. Baffanku ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa.

Babanku ya riga ni zuwa Dubai. Direba ne a wani kamfanin kago a Al Khabaisi, yana kwaso kayan 'yan kasuwar Maradi da na Kano daga shagunan Deira zuwa sito, a ɗaure, a zuba a kwantena. Yana kwana a ɗakin maza, gado bisa gado, igiyar shanya ta ratsa tsakiya. Da ya ga albashin mutum ɗaya ba ya riƙe gida biyu sai ya nemo mini biza, na bar ku wajen Inna mahaifiyata a Maradi, ke Nana kina firamare, kai Abdu ko wando ba ka iya ɗaurewa ba. Abin da ya samo mini aiki ba ƙarfi ba ne, ba kuma iya girki ba, ɗan Faransancin lakwal ne, wanda na koya a makarantar boko. Ana neman mai kula da wata tsohuwa 'yar ƙasar Hungari wadda ba ta jin Larabci, ta ƙi Ingilishi don wai yana sa mata ciwon haƙori, Faransanci kawai take yarda ta yi da baƙo. Masu aiki da yawa sun zo sun tafi kafin ni.

Madam Ilona sunanta. Ta haura tamanin, 'yar ƙarama, gashi fari fat, yatsunta sun kanannaɗe da sanyin ƙashi kamar ɗanyar citta. Ɗanta injiniya ne, yana da katafaren gida can wajen bakin teku, amma ta ce ba za ta zauna inda ba a jin motsin mutum ba. Sai ya kama mata fulat, wato sashen haya, a unguwar Karama, a wani tsohon bene mai baranda da ke kallon shagunan teloli da wata kafteriya ta 'yan Indiya. Nan na tare, ɗakina kusa da nata. Abincinta albasa ne da wani jan barkono nasu wanda ido ke tsoro, harshe kuma bai san an yi ba. Ba ta da hayaniya, ba ta bin diddigin sukari, ba ta taɓa tambayata me ya sa na daɗe a kan sallaya ba. Aibinta ɗaya ne, ba ta da hira sai ta makabarta.

Mahaifinta mai sassaƙa rubutu ne a jikin duwatsun kabari a babbar makabartar Budapest, babban birninsu, inda ake kai manyan ƙasar. Tun tana yarinya take kai masa abinci can, shi ya koya mata riƙe ƙarfen sassaƙa da 'yar guduma. A yadda take kwatantawa, wurin gari ne guda, da tituna da itatuwa da bencin zama, mutane na zuwa ran Lahadi shan iska da yaransu. Marubuta da sashensu, 'yan wasan kwaikwayo da nasu, ga likitoci, ga masu kiɗa. Kowa da sunansa, da sana'arsa a ƙasan sunan, wani har da gunkinsa a zaune yana tagumi. Takan rufe ido ta bi titunan da baki. Ta ce in ka shiga ta babbar ƙofa ka yi dama ga wane, ya mutu ba wanda ya damu da shi, yanzu 'yan makaranta ke kai masa fure. Gaba kaɗan ga wance mai waƙa, ta yi aure ta sake, ta ƙi a kwantar da ita kusa da ko ɗaya daga cikin mazan. Ta san wanda ya mutu a gudun hijira aka kwaso ƙasusuwansa bayan shekaru aka dawo da su gida da tutoci. Ta san waɗanda aka binne a ɓoye a lungu ba suna, da mulki ya juya aka tono su aka sake yi musu jana'iza. Akwai ma, in ji ta, wani babban mawaƙinsu da ya ɓace a fagen yaƙi, ba a taɓa ganin gawarsa ba, amma da wuya ka shiga garin da ba a kafa masa dutse ba. Ku riƙe wannan na ƙarshen, don a wurinsu dutse mai suna ba dole sai da mutum a ƙarƙashinsa ba.

Ni dai ina ji ne ina tsince shinkafa. Babanku ne mai biye mata. Ranar hutunsa yakan zo ya ɗauke ni mu je bakin ruwa mu hau abra, jirgin katakon nan da ke tsallaka da mutane, amma kafin mu fita sai ya sha shayinta. In lif ya lalace, kuma kusan kullum a lalace yake, shi ke goya ta ya sauko da ita ta ga titi, yana haki tana ba shi umarni.

"Madam, ku matattunku ba sa hutawa," ya ce mata wata rana. "Yau a kwashe su a kai nan, gobe a kai can. Ai sun fi kayanmu na kago yawo."

Ta yi dariya har da tari, sannan ta tambaye shi yadda muke yi.

"Mu kafin rana ta faɗi an gama. Likkafani, rami, ƙasa, magana ta ƙare. A kafa ɗan icce ko fasasshiyar tukunya, in damina biyu ta wuce shi ke nan."

"To ta yaya 'ya'yanka za su same ka?"

"Su yi mini addu'a daga inda suke, tana isowa. Wanda zai tashe ni ya san inda nake."

Ta dube shi kamar wanda ya gaya mata a titi yake kwana.

Da zafin wannan shekarar ya kankama sai ya faɗi a bakin sito yana ɗaure kaya. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa, likita ya ce zuciya ce. Na kira baffanku Alhaji Sanda, don shi ne yaya, maganar tasa ce. Na tambaye shi a kawo gawa gida ko a binne a nan. Da bakinsa ya ce mini ƙasa duk ta Allah ce, kada a wahalar da mamaci a jirgi. Da takardu suka kammala sai 'yan Nijar da 'yan Gana na wajen aikinsa suka taru, aka yi masa wanka, aka sallace shi, aka kai shi makabartar Musulmi da ke Muhaisnah, yankin da leburori ke kira Sonafur. Ni ban je ba, mace ce ni, haka aka tarbiyyantar da ni. Na zauna a ɗakina a Karama, Anti Memuna na riƙe da hannuna. 'Yar Gana ce daga zangon Kumasi, tana aiki a fulat ɗin da ke ƙasa da namu, mace mai kirki da saurin hannu a kan waya.

A gidan Madam na yi takaba. Ɗanta ya yarda aka samo wata mai zuwa kasuwa, ni ina ciki. A kwanakin ne ta tambaye ni cikakken sunan babanku. Na yi kamar ban ji ba. Ta sake tambaya, na ce mata mu ba ma faɗin sunan miji, tun ranar da aka kai ni ɗakinsa Malam nake ce masa, ko baban yara. Ta ɗauka baƙin ciki ne ya riƙe mini harshe, ta ƙyale ni, ta aika aka tambayo Anti Memuna. Ba a daɗe ba wasu 'yan Pakistan suka hawo da wani abu mai nauyi a nannaɗe da bargo, suka ajiye a baranda. Ta ce kada in taɓa, ban taɓa ba. Daga nan kullum da sassafe, kafin rana ta fara duka, sai ta sa in tura kekenta baranda, in ja labule, in tafi. Ina kicin ina jin ƙwas, ƙwas, a hankali, sai a tsaya, sai a ci gaba. Na ɗauka tsufa ne ya motso mata da sana'ar uba. Abin da na sani shi ne da yamma ba ta iya riƙe cokali, ni nake ba ta a baki, in gasa mata yatsu da ruwan ɗumi, wani lokaci in tarar fatar ta tsage. In na yi faɗa sai ta ce mini shwayya-shwayya, wato a hankali, maganar Larabci ɗaya tilo da ta yarda ta koya.

A farkon Nuwamba suna da ranar tunawa da matattu. A ƙasarsu, in ji ta, makabarta kan haskaka da kyandirori har a hango daga nesa, kowa ya je wajen nasa. Tun da ta zo Dubai a baranda take yin tata, ta jera hotunan kabarin uwarta da ubanta da mijinta, ta kunna wa kowa kyandir in rana ta faɗi. Na saba, ni ke sayo mata kyandir ɗin ma. A wannan shekarar, ban daɗe da fita takaba ba, na idar da magariba ke nan ta kira ni. Ta riga ta yaye bargon. Farin dutse ne mai santsi, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. An sassaƙa sunan babanku a jiki, na ubansa a gaba yadda suke yi, a ƙasa kuma sana'arsa da yarensu. Haruffan farko sun miƙe sarai, na ƙarshe sun ɗan karkace inda hannun ya gaza. Ba gicciye, ba hoto, ba komai. Ta ajiye masa kyandir ɗaya a gaba, a jere da nata mutanen.

"Ubana ya yi wa ministoci, ya yi wa masu waƙa," ta ce. "Ba wanda ya taɓa goya shi a cikinsu. Ki kai masa can inda yake."

Na ce mata ba a kai irin wannan can, kuma mu ba a kunna mana wuta.

"To ya zauna a nan. Mutum ya samu ko wuri ɗaya ne a duniya da aka rubuta cewa ya zo."

Na sa yatsa na kashe kyandir ɗin, ba ta hana ni ba. Amma na tsaya ina kallon sunan. Shekara da shekaru ina auren mutumin nan ban taɓa furta shi ba, ga shi wata tsohuwar Baturiya ta farfasa yatsunta ta fito da shi harafi bayan harafi. Na yi kuka a wurin irin wanda ban yi ba ko ranar rasuwar.

Kafin in kashe kyandir ɗin Anti Memuna ta riga ta ɗauki hoto. Aron albasa ta hawo yi ta tarar da mu.

"Ei, Rabi, madam ɗinki yana da zuciya paa," ta ce. "Bari mutane su gani, ba duka bature ne mugu ba."

Ta tura wa ƙungiyar matan zango a waya, daga can ya shiga ta matan Nijar, daga can ya faɗa Maradi. Da alheri ta yi, ban taɓa riƙe ta da shi ba. Amma ku duba abin da mutumin Tasawa zai gani a hoton. Ga dutse da sunan ɗan'uwansa, ga kyandir na ci a gabansa, a gefe ga hotunan kaburbura masu gicciye. Ba a ganin baranda, ba a ganin shagon tela. Mu kuwa in mun ga dutse da suna, to mutum na ƙarƙashi. Nan da nan magana ta gama gari, wai uwar ɗakina ta saye ni, na ba da gawar mijina an binne a makabartar Kirista.

Alhaji ya je Maradi da mota ya kwashe ku daga hannun Inna. Yana da wannan ikon, 'ya'yan ƙaninsa ne, ba wanda ya tare shi. Sannan ya kira ni.

"Rabi, abin da na gani gaskiya ne?"

"Yaya Alhaji, dutse ka gani a baranda. Malam yana Muhaisnah cikin Musulmi, kai ka ba da izini. Ga mutanen da suka sa shi a rami, ka tambaye su."

"Na tambaya. Ku 'yan Dubai bakinku ɗaya, kowa na rufa wa kowa asiri. Ke kin ga kabarin da idonki?"

Na ce ban gani ba.

"Bon. Ga abin da za a yi. Ran Juma'a in an sauko zan tara dangi da liman, ki kira ta bidiyo, ki sa guduma ki farfasa dutsen nan muna kallo. Ki kuma bar gidan matar nan. In kin yi, yara su koma wajen uwarki. In ba ki yi ba, ba za su tashi a hannun da ke kunna wa ubansu wuta ba."

Ba zan ce muku baffanku mugu ba ne. Shi ya reni babanku bayan rasuwar ubansu, ya yi kuka a waya ranar da na ba shi labari. Ana nuna shi da baki a masallaci, ana cewa ga wanda aka binne ƙaninsa da kyandir, yana buƙatar abin da zai nuna wa mutane ya ce ga shi an wanke. Na fahimci wannan tun a lokacin. Fahimtar ba ta rage mini komai ba.

Kwanakin kafin Juma'ar nan wayata ba ta huta ba. Inna tana kira tana kuka, gidan ya yi mata shiru, takalminka Abdu ɗaya aka bari a tsakar gida don saurin da aka yi.

"Dutse ne fa, 'yar nan," ta ce. "Dutse ba ya jin zafi. Ki fasa a dawo mini da yarana."

Anti Memuna kuwa kunya ta hana ta cin abinci. Ta zo da dabara, wai a sayo wani farin dutsen a fasa a gaban waya, a ɓoye wannan. Na ce mata ba dutse suke son gani ba, sunan suke son su ga ya tarwatse. Ban gaya wa Madam komai ba, amma tsohuwar da ta yi rayuwa a ƙasar da ake magana da raɗa ba ta buƙatar a gaya mata. Ta tsare Anti Memuna a bakin ƙofa har ta ji duka. Ran Alhamis da na kai mata shayi sai na tarar da 'yar gudumar ubanta a kan faranti.

"Ban sani ba," ta ce. "A wurinmu girmamawa ce. Ki fasa, Rabi. A ƙasata ma an sha fasa duwatsu don masu rai su samu lafiya. Gidan nan kuma in barinsa zai dawo miki da yara, ki bari, wata za ta zo ta ƙona mini albasa."

To kun ji. Ba ita ta hana ni ba, kamar yadda aka gaya muku. Ba asiri aka yi mini ba, ba kuɗi aka ba ni ba. Kowa ya ce in fasa, har mai dutsen.

Ran Juma'a na shimfiɗa tabarma a falo, ni da Anti Memuna muka kinkimo dutsen muka kwantar. Ta riƙe waya. Ga zauren Alhaji cike da huluna, liman a tsakiya, ina jin muryarki Nana can daga cikin gida kina kiran Abdu ya zo ya ci abinci. Na ɗauki guduma. Niyyata in fasa, wallahi da niyyar na zauna. Sai na duba inda zan sara, na ga ba inda gudumar za ta sauka sai a kan sunan, don dutsen ƙarami ne, sunan ya cika shi. Na kuma dubi fuskokin da ke cikin waya, na ga ba wanda ke jiran hujja a cikinsu, tuba suke jira. In na sara, na amsa ke nan cewa na yi abin da aka ce, an kama ni, na nemi gafara. Za a mayar da ku wajen Inna, amma duk inda kuka shiga ku ne 'ya'yan wadda ta ba da gawar mijinta, kuma babanku zai zauna a bakin mutane a matsayin wanda ke kwance cikin Kirista har abada, don ba a tuba daga abin da ba a yi ba. Wannan shi ne tunanina a lokacin. Akwai kuma kafiya, ban musa ba, a nono na sha ta. Na ajiye guduma a kan tabarma.

"Yaya Alhaji, na rantse da Allah mijina yana cikin Musulmi, an yi masa wanka, an yi masa salla. Wanda rantsuwata ba ta ishe shi ba, guduma ma ba za ta ishe shi ba."

Liman ya sunkuyar da kai. Alhaji ya ce shi ke nan, na zaɓa, ya kashe waya.

Abin da ya biyo baya kun fi ni sani, don a jikinku ya sauka. A Tasawa kuka tashi. Ana ba ni ku a waya ranar salla, a tsaye, wani na jira ya karɓe. Kuɗin makaranta ta hannun Inna nake aikawa, Alhaji na karɓa, bai taɓa gaya muku daga ina suke ba. In na zo hutu sai a kawo ku gaisuwa kamar an kawo ku wajen baƙuwa, a mayar da ku kafin la'asar. Ke Nana kin zama budurwa ba ni kusa, matar baffanki ta koya miki abin da ni ya kamata in koya miki, ranar bikinki kuma ita aka zaunar a tabarmar uwa, ni ina cikin masu tayawa. Inna ta rasu ba ta daina ce mini mai taurin kai ba. Na ji zafin waɗannan duka, har yau ina ji, musamman na tabarmar.

Na zauna da Madam har ƙarshenta. Ba ta sake kunna wa dutsen kyandir ba, ba ta kuma sake yi mini hirar makabarta da daɗi irin na da ba, sai in na tsokano ta. Da ta rasu ɗanta ya kai ta gida. Ba a babbar makabartar aka sa ta ba, 'yar mai sassaƙa rubutu ba ta cikin manya, a wata ƙarama ce ta bayan gari kusa da mijinta. Ya turo mini hoton kabarin. Na'ura ce ta yanka haruffan, duk tsawonsu ɗaya, da ta gani da ta yi tsaki. Ni kuma na haɗa kayana. Na naɗe dutsen a cikin babbar rigar babanku na kai kamfanin da ya yi wa aiki. Mai awon kaya ya buɗe don ya ga mene ne mai nauyi haka, ya karanta sunan, ya mayar da rigar ya rufe, ya ce a sa a kwantena, wannan ba ya hawa sikeli. Da ya iso Maradi kai Abdu kana nan, ka soma gemu, ka taimaka aka shigar da shi ɗaki, sannan ka ce mini abin kunyar nan kuma har gida na kwaso muku. Na ce ka tura shi ƙarƙashin gado.

Bayan shekaru kai ma Dubai ta kira ka, kamar yadda take kiran kowa, kana wani shagon waya a Deira. Ban ce ka je ko'ina ba. Kai ka nemi wani tsohon abokin babanka da ya rage a garin, ya raka ka Muhaisnah ran Juma'a, aka duba aka ba ku lambar kabarin. Ina tankaɗen gari wayar ta shigo.

"Inna, ina wurin."

"Ka same shi?"

"Na samu. Cikin Musulmi yake, Inna, duk sun fuskanci alƙibla."

Na ce alhamdulillahi, ka yi masa addu'a. Ka ce ka yi. Ina jin iska a cikin wayar da ƙarar manyan motoci daga nesa.

"Lamba ce kawai," ka ce. "Na yi ta dubawa ko akwai wani abu. Na gefensa ma lamba ce."

Na ce haka ya so, shi da bakinsa ya faɗa.

"Inna, dutsen nan yana nan?"

"Yana nan inda ka tura shi."

"Kada ki bari kowa ya taɓa shi."

Wannan shi ne labarin. Nana, ke kika fi kowa ɗaukar nauyin dutsen nan, ba kuma wanda ya nemi shawararki kafin a ɗora miki. Ban ce ki ce na yi daidai ba, ni kaina wasu ranakun ina cewa na yi, wasu ranakun ina tuna muryarki kina kiran Abdu cin abinci. Abin da nake so ku sani shi ne babanku yana Muhaisnah cikin 'yan'uwansa Musulmi, kuma ba kowa a ƙarƙashin dutsen. In tawa ta zo kada a ɗora shi a kaina, kada a kunna masa komai, kada kuma a fasa. Ki jawo shi, ki buɗe rigar, ki tara yaranki ki karanta musu sunan kakansu da ƙarfi su ji. Ke bakinki ba a ɗaure yake ba. Ni in na rufe ƙofa da yatsa nake bin haruffan, har yau ban iya faɗa ba.